Layin dogo ya koma hanyar keke: ɓarna ce ko dabara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Faransa ya turo mini bidiyo ta WhatsApp yana bisa keke a wata shimfiɗaɗɗiyar hanya tsakanin itatuwa. Wai da can layin jirgin ƙasa ne, aka kwashe ƙarafan. Mu nan Damagaram muna roƙon Allah ya nuna mana jirgi, su kuma suna tumɓukewa? Wannan ba almubazzaranci ba ne?
Daga wani dattijo, unguwar Birni, Zinder

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Ba layi mai rai suke tumɓukewa ba. Ƙananan layukan ƙauye ne da manyan motoci suka ƙwace wa ciniki, ciyawa ta rufe su shekara da shekaru. A Faransa, hanyar keken da ta yi suna ita ce ta tsakanin garuruwan Givry da Cluny, da aka buɗe a 1997. Amurka ma ta yi doka a 1983: a bar mutane su yi tafiya da hawan keke a filin tsohon layin, ranar da aka sake buƙatar jirgi a mayar masa da abinsa.

Nan dabarar take, Baba. Ƙarfe ana saye a kasuwa. Abin da ba ya sayuwa shi ne doguwar tsagar fili wadda babu katangar kowa a kanta. In aka yanka ta fulotai, to sai dai labari. Ga shi kuma jirgi ba ya son tudu, don haka tun asali an daidaita wurin. Tsoho ma sai ya murza feda ba haki.

Mu dai nan Damagaram ba mu da layin da za mu cire. Na Yamai zuwa Dosso, wajen kilomita 140, tun da aka ƙaddamar da shi a 2016 yana kwance a rana. Na Kano zuwa Maraɗi kuwa ana kan aikinsa.

Amma muna da burtali. Ni wannan ya fi damuna. Wanda muke bi da keke muna yara in za mu gonar kakana, bara na je na tarar an gina gidan bulo a tsakiyarsa, shanu sai sun hau kwalta. Da magajin gari zai shata irin waɗannan tun yanzu, a zuba jar ƙasa a daddaɓe a gefe ɗaya (yashi ne babban abokin gabar keke a garin nan), a dasa dogon yaro, da 'yan makaranta sun huta da tsere da motoci.

Sai dai a kafa turaku a bakin hanyar. In ba haka ba, kafin sati 'yan kabu-kabu sun mayar da ita tasu. Watan jiya ɗayansu ya matse ni kusa da Kasuwar Dole har na kife cikin yashi, tumatir ɗin uwargida ya watse, bai ko waiwayo ba.