Danshi a Shagon Tsohon Gini Mai Kariya: Shin Siminti Ne Magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a wani shago a Landan, cikin jerin gidaje masu manne da juna da aka gina a farkon ƙarni na 19, shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, kuma jerin yana cikin rajistar gine-ginen tarihi a mataki na biyu. Bangon baya ya jiƙe, fenti yana ɓantarewa, kayana har sun fara wari. Wani magini ya ce zai kankare bangon ya yi masa filastar siminti mai hana ruwa, kuma wai ba sai an nemi izini ba tunda aikin ciki ne. Ina tsoron asarar kaya, ina kuma tsoron hukuma. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari maginin nan ya taɓa bangon, domin maganganunsa biyu duka kuskure ne.

Na izini shi ne mai sauƙin bayani. A ƙarƙashin dokar Ingila ta 1990 kan gine-ginen tarihi, kariyar da rajistar ke bayarwa tana hawa kan ginin gaba ɗaya, ciki da waje, har da matakala, murhun ɗumama ɗaki da tsohuwar filasta. Yin aikin da ya sauya kamannin ginin ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne da kan kai ga tara ko ɗauri har shekara 2, kuma ana iya tuhumar wanda ya yi aikin da wanda ya sa aka yi, ko da ɗan haya ne. Ba a biyan ko sisi wajen neman wannan izini, sai dai jira, wanda a ƙa'ida mako 8 ne amma sau da yawa yakan zarce, saboda jami'an adana gine-ginen tarihi sun yi ƙaranci a ƙananan hukumomi.

Batun siminti kuwa shi ne abin da ya ishe ni, domin kusan kullum sai na ci karo da shi. Irin waɗannan jerin gidaje, kamar Woburn Walk da Thomas Cubitt ya tsara a 1822 a unguwar Bloomsbury, an gina su ne da gasasshen bulo mai laushi da kwaɓin farar ƙasa da yashi, bango guda ba rata a tsakiyarsa. Sai a 1824 Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin ya zama ruwan dare. Maginan wancan zamani sun san ruwa zai shiga bango, don haka suka yi shi yadda zai sha ruwan sama kaɗan, ya fitar da shi ta kwaɓin da ke tsakanin bulo idan iska ta kaɗa. Idan ka lulluɓe shi da siminti, ka toshe hanyar fita alhali hanyar shiga tana nan. Shekarar farko bango zai yi kyau, maginin ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Daga nan ruwan ya haura ya ɓullo a saman inda filastar ta tsaya, gishiri ya taru, idan kuma aka cusa simintin a waje, sanyin hunturu ya daskarar da ruwan da ke cikin bulo, fuskarsa ta riƙa faɗuwa ɓalli-ɓalli, layin simintin yana tsaye kamar raga.

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ko Zariya ya san wannan da idonsa. An sha yi wa katangar tubali yaɓen siminti maimakon makuba, ta yi shekaru tana sheƙi, rana ɗaya cikin damina sai simintin ya ɓallo faifai guda, a tarar ƙasar da ke bayansa ta zama taɓo.

A shagonka haɗarin ya fi haka. A irin wannan gini, bangon benen da ke saman gilashin shago yakan zauna ne a kan wani babban gungumen katako, kuma kawunan katakan daɓe suna cuse cikin bango. Danshin da aka kulle a ciki su yake ruɓarwa a ɓoye, kuma tunda bangon gefe na tarayya ne, matsalar ba za ta tsaya a kanka kai kaɗai ba.

Ka yi hattara kuma da masu zuwa da ’yar na'ura su danna a bango, ta yi ƙara, su ce ruwa ne ke tasowa daga ƙasa, sai an huda an ɗura sinadari. An saita na'urar ce don auna katako, kuma gishirin da ke cikin tsohuwar filasta kaɗai ya isa ya sa ta nuna ja. Mai sayar da magani ba shi ne zai gwada maka cuta ba.

Abin da ya kamata shi ne a gano inda ruwan ke shigowa. Ranar da ake ruwan sama ka fita bayan shagon ka duba indararo da bututun saukar ruwa. Yawancin waɗannan gidaje suna da rufi mai kwari a tsakiya, ɓoye a bayan gajeriyar katangar gaba, kuma ganye ko sheƙar tattabaru kan toshe magudanarsa. Ka duba ko an ɗaga daɓen tsakar gida ya fi na ciki tsawo, ko an toshe ramukan shan iska da ke gindin bango. Ka matsar da kayanka daga jikin bangon, ka rubuta wa mai gidan takarda da hotuna, ka kuma duba yarjejeniyar hayarka don sanin wanda gyara ya rataya a wuyansa. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta SPAB, wadda William Morris ya kafa a 1877, tana ba da shawara kyauta ta waya a kan irin wannan. Bayan an tsayar da ruwan, bangon zai ɗauki watanni kafin ya bushe, sannan a yi masa filastar farar ƙasa, bayan an ji ta bakin jami'in ƙaramar hukuma.