Akwatin taimakon gaggawa na mage: me za a zuba a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Makon jiya muzurunmu ya dawo da daddare ƙafarsa tana jini, da alama faɗa suka yi da wani. Na rasa yadda zan yi. Maƙwabciyata ta ce in ɓantari rabin Panadol in ba shi, ni dai gabana ya faɗi, na ƙyale shi har gari ya waye. Yara sun shaƙu da shi ƙwarai. Me ya kamata in tanada a gida saboda irin wannan dare?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Faɗuwar gaban nan ita ta ceci muzurunki.

Kayan ba su da yawa. Ki samu roba mai murfi, ki zuba bandeji da filasta da auduga, da almakashi marar tsini, da matsefata don cire ƙaya ko kaska, da safar hannu, da sirinji marar allura. Ki haɗa da ma'aunin zafin jiki, zafin mage mai lafiya kuwa yana tsakanin digiri 38 da 39.2 ne. Wankin rauni, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce ya wadatar. Sai tawul mai kauri, domin magen da ke jin ciwo ba ta san uwar ɗakinta ba, naɗe ta za ki yi kafin ta yage miki hannu. Ki rubuta lambar likitan dabbobi a jikin murfin, ki ajiye katin rigakafin ciwon haukan kare a ciki.

Mu dawo kan Panadol, don shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo mana mage tana haki, fuska da tafin ƙafa sun kumbura, ka buɗe baki ka ga dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ka tambaya, a ce maka "ai ɗan rabi kawai muka ba ta". Wa ya ce ku ba ta? Mai kemis, ko wata a unguwa da ta taɓa ba akuyarta aka zauna lafiya. To mage ba akuya ba ce, ba kuma jariri ba ce. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa farasitamol, wato maganin da ke cikin Panadol, sai maganin ya rikiɗe ya zama guba, ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iskar da ake shaƙa. Miligiram 10 a kowane kilo na nauyinta ya isa ya fara ɓarna. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce, mage kuwa kilo 3 zuwa 4. Ki yi lissafin da kanki. Ko kwata aka ɓantara ya wuce kima, haka ma na ruwa da ake ba yara. Akwai makarinsa a asibiti, amma sai an kawo ta cikin 'yan awoyi, mutanenmu kuwa sai an kwana an wuni ana ɗura mata manja da madara tukuna. Manja ba ya karya guba, hasali ma ɗurar kan sarƙe ta ya gangara huhu. Abin haushi, masu ba da wannan shawara ba su taɓa tsayawa sun ga yadda dabbar ke ƙarewa ba. Ibuprofen ma bai da wuri a akwatin nan. Haka Dettol, domin mage tana lasar jikinta, duk abin da kika shafa mata cikinta zai tafi. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin kuwa farfaɗiya yake jefa ta.

Idan kina zargin ta ci maganin ɓera, kada ki sa ta amai da ruwan gishiri. Ki ɗauki kwalin maganin ki taho da shi.

Shi kuma muzurunki, ki kai shi a duba ko da jinin ya tsaya. Haƙorin mage siriri ne, ramin yakan rufe da wuri, bayan kwana 2 ko 3 sai ƙurji ya taru a ƙarƙashin fata.