Kada ka kashe wannan gargaɗin, Basiru

Basiru ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar ina kan hanyar dawowa Jidda daga Makka. Ka ce manhajar da kake rubuta wa na'urar motocin alhazai tana aiki lafiya lau a kwamfutarka, amma GCC, kwamfailan da ke juya abin da ka rubuta zuwa harshen na'ura, ya ƙi yin shiru. Ka kafa enum, wato jerin sunaye da ke wakiltar lambobi, mai wurare uku, MINA, ARFA da MUZDALIFA, ka ba scanf, mai karanta abin da aka shigar, alamar %d tare da adireshin enum ɗin, GCC kuma yana ta cewa adireshin int, wato cikakkiyar lamba, ne %d ke jira. Kana tambaya ko ka kashe gargaɗin ka wuce. Kada ka kashe shi, gaskiya yake gaya maka.

Tun daga harshen C da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs a farkon shekarun 1970, printf mai bugawa a allo da scanf ba sa ganin irin kayan da ka miƙa musu. Abin da ka rubuta a layin tsari kawai suka sani. Ka ce %d, sun yarda int ne, ko da ba shi ba ne. Shi ya sa GCC yake karanta layin da kansa yana gwada kowace alama da abin da ka jera a bayanta. Aikin -Wformat ke nan, kuma yana cikin -Wall da nake matsa muku ku kunna.

To, ina matsalar enum? Sunayen nan uku int ne, 0 da 1 da 2, babu gardama. Amma faɗin wurin da za a ajiye su, ƙa'idar C ta bar wa kwamfaila ya zaɓa. A kwamfutarka GCC ya ga babu lamba ƙasa da sifili, sai ya ɗauki unsigned int, wato int marar ƙasa da sifili, bayit huɗu, daidai da faɗin int. Dacewa ce ta sa kake ganin komai lafiya. Na'urar da za mu ɗaura a mota kuwa ARM ce, kuma arm-none-eabi-gcc da muke amfani da shi yana matse enum zuwa mafi ƙanƙantar wurin da zai ɗauke shi. Naka bayit ɗaya zai samu. Ka ga mudu huɗu ne scanf zai juye a kwanon da ke cin mudu ɗaya, ukun su zube kan maƙwabci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓarnar ba ta nuna kanta. Ƙaramin bayit ne ke fara zama a irin wannan na'ura, don haka wurin zai fito daidai, allo ya nuna ARFA, sifilai uku kuma su share duk abin da ke kusa. Idan adadin mutanen da ke cikin motar ne a nan, mota cike da alhazai za ta ce babu kowa. Na taɓa ɗanɗana irinta a wani wurin aiki da na zauna shekarun baya, a kan ma'aunin kaya. Kwana uku ina zargin waya da batir, ashe gargaɗin yana nan tun ranar farko, ni ne ban karanta ba. Har yau ina tuna masu kayan da aka yi wa awo ba daidai ba.

Gyaran ba shi da wuya. Ka karanta lambar cikin int na gaske, ka duba scanf ya dawo da 1, ka tabbatar lambar tana tsakanin 0 da 2, sannan ka zuba ta a enum. Ni na fi son fgets da strtol, don sun fi nuna maka inda mai shigarwa ya yi kuskure. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne rubuta (int *) a gaban adireshin. Wannan toshe bakin GCC ne kawai, zubewar tana nan yadda take.

Wajen printf da sauƙi, domin ƙaramin enum ana ɗaga shi zuwa int kafin a miƙa. Duk da haka ka saba rubuta (int) a gabansa. In ka koma C++ ka haɗu da enum class da ya zo a 2011, shi ba ya juyewa da kansa, sai ka sa static_cast. C23 ma yanzu ta ba da damar ka faɗi faɗin enum da bakinka.

Na leƙa sauran aikin naka. Ka buga size_t da %d a wuri biyu, %zu ne nasa. Kuma function ɗin nan da ka rubuta na adana rahoto, GCC bai san ɗan gidan printf ba ne, sai ka sa masa __attribute__((format(printf, 1, 2))) kafin ya fara duba shi. Switch ɗinka kuma ka cire default, don ranar da muka ƙara JAMRA a jerin, -Wswitch ya nuna maka inda ka manta.

Ka gyara waɗannan, ka ƙara -Werror mai mayar da kowane gargaɗi kuskure, ranar Lahadi da safe ka zo da shi mu ɗora a kan na'urar tare. Ka gaida mini da Baba.