Amsar da ya ba Ciyaman kan albashin masu farar riga

To jama'a, barkanmu da dare. Ciyaman, na ga hoton da ka turo tun da rana, na yaran nan biyu masu mishan na cocin Mormon da ka gani a Abuja da farar riga da nektai da baƙin bajo a ƙirji, na kuma ga inda ka ce in fito in faɗa muku nawa ake biyansu a wata, tunda na yi aikin. Rubutu ba zai ɗauke maganar ba, shi ya sa na ce bari in yi murya. Kuma ni na san ba albashi kake tambaya ba. Tambayarka ita ce wadda kawuna ya yi ta yi min tun ranar da na ɗauki jaka, wai ina dalar take, yaushe kuma za a kai ni Amurka. To ga ni nan a Jos inda kuka bar ni, ko ƙofar ofishin jakadancinsu ban taɓa tsayawa ba.

Ba a biyan kowa ko sisi. Kai ne ma kake biya. Lokacin da na tafi, yaron da ya fito daga Amurka iyayensa dala 400 suke zubawa duk wata. Mu na nan gida, abin da iyali suka iya haɗawa shi ake bayarwa, coci ta cika sauran. Sai a riƙa ba ku ɗan abin cefane da na mota, wanda in ka yi wasa da shi, makon ƙarshe gari da suga za ka sha. Namiji shekara biyu yake yi, daga ɗan shekara 18, tun da aka rage shekarun a 2012. Mata shekara ɗaya da rabi. Kuma ba kai ke zaɓen inda za ka ba, takarda ce kawai za ta zo daga hedikwatar cocin a Salt Lake, can jihar Utah ta Amurka, ta ce ga inda aka tura ka. Tawa Kumasi ta ce, a ƙasar Ghana. Aka fara kai mu makarantar horo a Accra, wadda ke kusa da haikalin cocin, 'yan makonni, daga nan sai mota.

Yinin kuwa, ƙarfe shida da rabi ka tashi, ko ka yi barci ko ba ka yi ba. Addu'a, motsa jiki, wanka da bokiti, karatun Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon, ku zauna ku tsara gidajen da za ku shiga. Sai fita. A wasu ƙasashe keke ake ba su, mu ƙafa ce da tro-tro, irin ƙananan bas ɗin nan nasu. Ka taso daga sanyin Jos a ce ka ɗaure wuya da nektai a ranar Kumasi, kafin azahar wuyan rigar ya zama ja da ƙura. Ka yi alkawari da mutum biyar, ka je ka tarar huɗu ba sa gida. Wani ma kana jin muryarsa a ɗaki yana ce wa yaro je ka ce na fita. Yawancin aikin ke nan fa, tafiya da sallama da "ku dawo gobe". Masu cewa kullum ana ta tsoma mutane a ruwa ana yi musu baftisma ba su san komai ba. Sai ku yi wata da watanni kuna zuwa gida ɗaya, a ƙarshe matar ta ce mijinta ya hana. Goma da rabi an kashe fitila, in ma akwai wutar. Babu talabijin, babu kallon ƙwallo, babu budurwa, ko iyo a ruwa an hana.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar abokin aiki. Bibbiyu ake yi, kuma dokar ita ce kada ya ɓace maka da gani, kada ya yi nisan da ba zai ji ka ba, sai dai in banɗaki ya shiga. Ba kai ka zaɓe shi ba. Duk mako shida ake canji, ko a ɗauke ka, ko a ɗauke shi, ko a bar ku tare ku ci gaba da zama kamar kishiyoyi a ɗaki ɗaya. Na zauna da ɗan Kongo wanda bai iya magana ƙasa-ƙasa ba, na zauna da ɗan Cape Coast, mutumin kirki, shi ya koya min haɗiyar fufu ba tare da taunawa ba.

Sai aka kawo min wani Bature daga jihar Idaho ta Amurka, sabo fil, ko wata bai yi a ƙasar ba. Nan ne abin da har yau yake min ciwo. Ni ne babba fa. Ni aka ba shi in koya masa aiki. Ni na nuna masa yadda ake cuɗa wuyan riga da sabulun sanda, don bai taɓa wanki da hannu ba, ni na hana shi miƙa wa mutane abu da hagu, ni nake tsayawa a kasuwar Kejetia ina ciniki don kada a yanke shi. Amma duk gidan da muka shiga, kujera mai kyau tasa ce, ni benci. In na yi bayani na gama, sai maigidan ya juya wajensa ya ce to me Bature ya ce? Yara na bin mu suna obroni, obroni, wato Bature, ni kamar ba na wurin. Wata mai shago a Bantama ta ja ni gefe ta ce in yi mata magana da maigidana ko zai taimaka wa ɗanta da takardar tafiya. Maigidana! Yaron da da daddare yake kuka a ƙarƙashin gidan sauro saboda kewar uwarsa, ni nake lallashinsa. Kuma ba laifinsa ba ne, kunya ma abin yake ba shi, yakan tashi ya ba ni kujerar. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, yini muka yi a ɗaki, tunda ba ni da ikon fita ni kaɗai, ina jiƙa tawul ina ɗora masa. To shi ne na dawo gida kawuna ya dube ni ya ce ai ya ji labari, jakar Turawa na je ɗauka. A gaban mutane fa, a wajen biki. Ban ce masa komai ba saboda babba ne, amma...

Bari dai in bar wannan. Ina nake ma? Eh, ranar Litinin. Ita ce ranar wanki da cefane da aski da rubuta wasiƙa gida, mu je shagon intanet mu biya awa. Waya kuwa, a lokacin sau biyu a shekara ake kiran gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. Sai a watan Fabrairun 2019 aka ce a riƙa kira duk mako, lokacin ni na kusa gamawa. Yaran da ka ɗauka a hoto sun samu sauƙi. Ni kiran farko da na yi, mamata ba ta yi minti biyu tana magana ba, sauran duk tambaya ce ko ina cin abinci.

Wanda kuma ya rubuta cewa 'yan leƙen asiri ne, ɗan'uwa, ba kai ka fara ba. Gwamnatin Rawlings a ranar 14 ga Yunin 1989 ta hana cocin aiki a Ghana, ita da Shaidun Jehobah, aka kori masu mishan na waje, aka garƙame ɗakunan sujada. Sai a ƙarshen Nuwamban 1990 aka ɗage. Tsofaffin membobi a Kumasi sun ba mu labari da bakinsu, yadda suka riƙa yin sujada a falonsu, miji da mata da 'ya'ya. Wane sirri yaron da bai san hanyar Adum, tsakiyar garin Kumasi, ba zai leƙa? Na san kuma wani zai tayar da maganar 1978, cewa kafin shekarar baƙar fata ba ya samun matsayin firist a cocin. Gaskiya ne, ba na musu, an sha jefa min ita a titi, kuma ba ranar da ta yi min daɗin amsawa.

Abin da ya riƙe ni a garin, Allah kuwa, zango ne. In kewa ta ishe ni sai in ja abokin aikina mu bi ta Aboabo ko Asawase, don kawai in ji Hausa. Tasu daban take, sun gauraya ta, amma Hausa ce. Akwai wani dattijo mai shayi, da ya ji na gaishe shi sai ya ajiye ludayi ya ce yaro daga ina? Na ce Jos. Ya haɗa min shayi mai kauri, madara har tana zuba. Na ce Baba mu ba ma shan ganyen shayi, ba kofi, ba taba, ba giya. Ya dube ni ya ce giya da taba na gane, shayin me ya yi muku? Ya juye wa almajiri, ya dama min Milo. Tun daga nan in ya hango mu sai ya ɗauko gwangwanin. Bai taɓa tambayar littafinmu ba, ni ma ban taɓa fito masa da shi ba. Da azumi ya hana mu wucewa sai mun zauna an sha ruwa tare, da na gaya masa mu ma muna azumi ranar Lahadin farko ta kowane wata, ya yi dariya ya ce yini ɗaya, wannan ai ɗanɗano ne.

Hajiya, taki tambayar ta ko cocin na barin mutum ya auri mata huɗu, an daina wannan tun 1890, yau wanda ya ƙara aure korarsa ake yi daga cocin, saboda haka ki daina nema wa maigidanki mafaka a wajenmu. Ciyaman, kai kuma kuɗin taron Disamba, har yanzu ban ga sunanka a jerin waɗanda suka biya ba.