Na sa hannu an dakatar wa Mama da kemo, shin ina da laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Mahaifiyata ce shekararta 78, kansa ta bazu a jikinta har ta kai hanta da ƙashi, likitoci suka ce kemo, wato allurar maganin kansa, ba abin da zai ƙara mata sai wahala, suka maida ita gidan jinyar waɗanda aka fidda rai da warkewarsu, can rage raɗaɗi kawai ake yi. Ita da bakinta ta ce ta gaji da allurar, ni kuma na sa hannu. Yanzu yayana ya ce wai na miƙa ta ga mutuwa, kuma mofin ɗin da ake ba ta don rage raɗaɗi wai ƙwaya ce, haramun ne, a cire mata. Wallahi ba na iya barci, ko nas zan yi wa magana kan ciwon da take ji sai in ga kamar ina rashin haƙuri da ƙaddara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Mama sauƙi Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri. Baiwar Allah ki kwantar da hankalinki, in dai yadda kika faɗa haka yake to ba ki da laifi.

Neman magani abu ne da shari'a ta kwaɗaitar, Annabi (SAW) ya ce ku yi magani bayin Allah, Allah bai sanya cuta ba face Ya sanya mata magani ban da tsufa. Amma ba kullum yake zama wajibi ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1992 ta ce hukuncin yana sauyawa, wajibi ne idan barinsa zai halaka mutum, wani lokacin mustahabbi ko halal kawai, har ya kan zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son kawarwa, kuma ta sharɗanta yardar mara lafiya matuƙar yana cikin hankalinsa. To ki duba, ƙwararru sun ce maganin ya daina aiki, mai jikin ta ce ta gaji, ina wajibcin yake? Shi kansa Manzon Allah a ciwon ajalinsa an ɗura masa magani ta gefen baki yana nuni da kar a yi, da ya farfaɗo bai ji daɗin haka ba, Nana A'isha ce ta ruwaito yana cikin Bukhari da Muslim.

Abin da yake haramun, kuma ba saɓani a kai, shine a yi mata wata allura ko a ba ta wani abu da nufin rai ya fita, ko da ita ta roƙa, wannan kisan kai ne. Haka ba a hana ta ruwa da abinci tana so tana iya haɗiya. Idan jikin ne ya daina karɓa, wanda ya kan faru a ƙarshen wannan cuta, ba sai an yi mata ɗure ba, ki jiƙa auduga ki riƙa shafa mata a leɓe kar bakin ya bushe.

Maganar mofin kuwa yayanki kishin addini ne ya sa shi da kuma tsoron rabuwa da uwa, ki lallaɓa shi kar abin ya zama gaba a kan gadonta, amma a nan bai yi daidai ba. Ciwon kansar da ta shiga ƙashi ba wasa ba ne, mutum ko juya shi aka yi sai ya yi ƙara, kuma lalura tana halatta abin da aka hana gwargwadonta kamar yadda aya ta 173 a Suratul Baƙara ta nuna. Idan likita ne ya auna yana ƙarawa kaɗan-kaɗan daidai da ciwon, nufin kuma sauƙi ne, ya halatta. In tana yawan barci ki roƙe su su gyara awon yadda za ta samu lokacin da take farke ta yi sallah ta yi zikiri, in kuma ciwon ya kai ba yadda za a yi sai barcin to babu komai a kanta.

Wurin da nake so ki gyara shine wannan shirun. Haƙuri da ƙaddara shine kar ki yi fushi da hukuncin Allah, babu inda aka ce ki ga mahaifiyarki tana cije leɓe tana damƙe zanin gado ki kama bakinki. Yin magana a madadinta a gaban likita yana cikin "wa bil walidaini ihsana", ita yanzu ba ta da ƙarfin da za ta bi haƙƙinta, ke ce bakinta. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin da ciwon ke tashi da lokacin da aka ba da magani, ki nuna musu cikin ladabi, ki tambayi wa za a kira in ya tashi da tsakar dare, ki faɗa musu in ta kwana biyu ba ta yi bayan gida ba don mofin na ɗaure ciki, ki duba bayanta da dugaduganta saboda gyambon kwanciya, ki nemi mace ta riƙa yi mata tsarki in da hali. Ki kai yayanki ya ji daga bakin likitan da kunnensa, sau da yawa hakan ke kashe rigimar.

Za su iya kawo miki takardar cewa in zuciya ta tsaya ba za a danna ƙirji ko a sa inji ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya a fatawa mai lamba 12086 ya halatta haka idan ƙwararrun likitoci uku amintattu suka tabbatar ba zai yi amfani ba.

Tun tana iya magana ki tambaye ta a hankali ko akwai bashi ko ajiyar wani ko wasiyya. Sallah ta yi yadda ta iya, a kwance ko da nuni, in ruwa na cutar da ita a yi taimama. Idan lokaci ya matso ki zauna kusa da kunnenta ki riƙa faɗin La ilaha illallah a hankali, in ta faɗa sau ɗaya ki ƙyale ta sai in ta yi wata magana bayan nan.

Wallahu a'alam.