Ku Tambayi Mai Gyara: Wasan gem ga wanda hannu ya ƙi

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, domin duk a kan abu ɗaya suke: yadda mai lalura a jiki zai buga gem a PlayStation ko Xbox. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ƙanena ya yi haɗarin babur bara, hannunsa na dama ya daina aiki tun daga kafaɗa, likita ya ce jijiya ce ta taɓu. A da shi ne gwanin ƙwallo a PS4 ɗinmu, yanzu sai dai ya zauna yana kallonmu. Na ga wani hannun gem mai kama da faifai a intanet, an ce Sony ta yi shi don masu nakasa. In na tara kuɗi na saya zai yi masa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya saka maka zumunci. Sai dai ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ka gani sunansa Access Controller, Sony ta fitar da shi ranar 6 ga Disamba, 2023 a kan dala 89.99, kuma da PS5 kaɗai yake aiki. In ka jona shi a PS4 ko uffan ba zai ce maka ba.

Fara da abin da ke cikin na'urarku, wanda ba ya cin ko sisi. Tun 2015 Sony ta sa wa PS4 damar sauya aikin maɓallai. Ka shiga Settings, ka gangara Accessibility, ka zaɓi Button Assignments. A nan za ka iya ɗauke aikin X ka ɗora wa L1, ka ɗauke na da'ira ka ɗora wa L2, wato daga maɓallan gefen dama zuwa biyun nan na goshin hannun gem ta hagu. Ka ga ke nan babban yatsansa na hagu yana kan analog, wato 'yar sandar nan da ake juyawa, yana jan ɗan wasa, manuni yana ba da fasin, na tsakiya yana buga shot. Kada ka mayar da su kan kibiyoyin nan huɗu na gefen hagu, domin yatsa ɗaya ne ke hidimar kibiyoyi da analog, da ya ɗaga shi don ya ba da fasin ɗan wasa zai tsaya cak a ƙwace ƙwallon.

Ka buɗe masa sunansa daban a na'urar, saboda sauyin yana bin mai sunan ne, ba zai rikita muku naku ba. Kuma rubutun da ke fitowa a talabijin ba ya canzawa. Gem zai ci gaba da cewa a danna X, shi ne zai riƙe a ka cewa X ɗinsa ya koma L1.

Sannan a cikin gem ɗin ƙwallon kansa, FIFA ko FC da ya gaje shi, akwai tsarin Two Button da One Button a wurin saita hannu. A na maɓalli ɗaya, gem ne ke duba inda ɗan wasa yake ya zaɓi fasin ko shot. Na san abin da samari ke cewa, wai wannan na yara ne. Ku bar shi ya fara da shi, in hannu ya faɗa sai ya ƙara maɓalli.

Riƙon kansa ma aiki ne. Hannun PS4 an yi shi ne don tafi biyu su tallafe shi, don haka ya ɗora shi a cinya ko a kan matashi mai ɗan tauri, a ɗaure da kyalle ko roba don kada ya zame. Akwai wani ɗan ƙari da Sony ta yi a 2020, Back Button Attachment, da ake maƙalawa a ƙasan hannun ya ba da maɓallai biyu ta baya. Ya yi wuyar samu yanzu, amma in ka ci karo da na hannu a kasuwa yana da amfani. Akwai kuma wata roba da ake bugawa da injin 3D, a ɗana ta a jikin hannun gem, ta kawo maɓallan dama zuwa gefen hagu, analog na biyu kuma a juya shi ta hanyar motsa hannun gem ɗin a kan cinya. Zanenta kyauta yake a intanet, kuɗin bugawa kawai za ka biya.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku riƙa barinsa yana cin ku da gangan. Wanda ya taɓa zama gwani yana gane wasan tausayi tun daga fasin na farko, kuma ya fi shan kashi ciwo.

Tambaya: Malam, ɗana yana da shekara 9. Shawara ta kama shi yana jariri, ta bar masa lalurar da gaɓoɓinsa ke sandarewa. Yatsunsa ba sa iya danna ƙananan maɓallai, amma yana iya buga abu da tafin hannu, ƙafarsa ta dama kuma tana da ƙarfi. Yana son wasan mota ƙwarai. Yayana da ke Ingila ya ce in faɗi abin da zai sayo masa. Ba mu da na'urar gem, sai kwamfutar babansa. Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, kin riga kin yi rabin aikin, domin kin faɗi abin da yaron ke iyawa: tafi da ƙafar dama. Yawancin masu rubuto mini sunan ciwo kawai suke kawowa, alhali ba da sunan ciwo ake zaɓar waɗannan kaya ba, da motsin da ya rage a jiki ake zaɓa, wanda mutum zai iya maimaitawa ba tare da ya gaji ba.

Abin da zan ce yayanki ya sayo shi ne Xbox Adaptive Controller. Microsoft ta fitar da shi a Satumbar 2018 a kan dala 99.99, bayan ta yi aiki da ƙungiyoyin masu nakasa irin su AbleGamers ta Amurka da SpecialEffect ta Ingila. Dalilina na farko shi ne yana aiki da kwamfuta mai Windows, ba dole sai kun sayi Xbox ba. Allo ne shimfiɗaɗɗe da ake ajiyewa a tebur, a cinya ko a ƙasa, da manyan maɓallai baƙaƙe guda biyu masu faɗin da tafi ko ƙafa za ta same su ba tare da saiti ba. Amma sirrinsa a baya yake. Akwai ramuka 19 a jere, irin ramin da ake soka iyafis a waya, kowane rami yana wakiltar wani aiki na hannun Xbox. Kamar soket ɗin nan mai baki da yawa ne, abin da kika jona masa shi ne zai yi aiki. Ki jona faffaɗan maɓalli a ramin totur ki ajiye a ƙarƙashin ƙafarsa, mota ta tashi. A gefe da gefe kuma akwai ramin USB biyu na sandar juya mota ko ɗan wasa.

A nan mutane ke yin asara. Allon ba ya zuwa da sanda, ba ya zuwa da ƙarin maɓallai. In yayanki ya sayo shi shi kaɗai, kun sami manyan maɓallai biyu da kibiyoyi ne kawai, sauran ramukan suna nan wayam. Maɓallan da kamfanonin kayan asibiti ke yi, guda ɗaya kan haura dala 50. Shi ya sa a 2019 Logitech ta haɗa kwali guda, Adaptive Gaming Kit, mai ɗauke da maɓallai 12, manya da ƙanana da masu taushin dannawa da irin na totur, tare da allon da ake liƙa su, a kan dala 99.99. Microsoft kuma ta fitar da ƙaramar sanda a 2025, Xbox Adaptive Joystick, a kan dala 29.99, sai dai ita da babban yatsa ake juya ta, ga yaron da yatsunsa ke sandarewa babbar sanda mai ƙulli a kai wadda zai dafa da tafi ta fi. Waɗannan farashin fitowa ne, a lissafa da canjin ranar da kuɗin kawowa.

In kuɗin bai kai ga kwalin Logitech ba, a sayo allon da sanda, a bar maɓallai a yi su a nan. Maɓallin da ke shiga ramukan nan ba shi da wata dabara a ciki, waya biyu ce da ke haɗuwa in an danna. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen soda zai haɗa miki shi da makunnin ƙararrawar ƙofa da kan iyafis, a ɗora a kan katako mai nauyi don kada ya gudu. Ki dai gaya masa kada ya haɗa batir ko wuta a jiki.

Kafin a kafa komai, ki tafi da yaron wurin likitan gashin ƙashi da ke duba shi, a nuna miki zaman da ya dace da inda za a ajiye kowane maɓalli. Yara masu irin wannan lalura jikinsu na ƙara sandarewa in sun zaƙu, kuma wasan mota zaƙuwa ne tun daga farko har ƙarshe. Maɓallin da aka ajiye nesa zai sa ya riƙa karkacewa yana miƙa, ya tashi da ciwon baya.

Akwai kuma wani tsari da nake so ƙwarai, wanda Microsoft ta kawo a 2017 da sunan Copilot, yanzu ana ce masa Controller Assist. Hannun gem biyu ne ke zama ɗaya. Shi ya riƙe totur da burki, yayarsa ko babansa ya riƙe sitiyari da hannun Xbox na yau da kullum, mota ɗaya suke tuƙawa. Da ya ƙware sai a sakar masa sitiyarin. Ki sa a duba ƙarfin kwamfutar babansa tun yanzu, domin tsohuwar kwamfutar ofis ba za ta ɗauki manyan wasannin mota ba, ƙananan dai za ta iya.

Tambaya: Oga, ina da gidan gem, PS4 biyar da PS5 ɗaya. Ina tunanin sayen na Sony ɗin nan saboda masu nakasa. Amma yara sun ce in aka yi gasa da shi maguɗi ne. Daga wani mai shago a Kano.

Amsa: Ba maguɗi ba ne. Access Controller ba ya buga wa kowa wasa, wurin maɓallai kawai yake sauyawa, da girmansu. Yana ba da damar a danna maɓalli sau ɗaya ya zauna a danne, ko a haɗa aiki biyu a maɓalli ɗaya, kuma in yaranka na ganin wannan fifiko ne sai ku yi dokar gasa a kansa tun kafin a fara. Ka kuma ba su labarin Mike Begum, Ba'amurken da aka fi sani da BrolyLegs, wanda ya rasu a 2024. Da kunci da harshe yake danna hannun gem irin na kowa, kuma ya yi shekaru yana kayar da masu yatsu goma a gasar Street Fighter. Sanda ɗaya ce a jikin na Sony, don haka wasan da ke son analog biyu sai an haɗa shi da hannun PS5 ko da wani irinsa.

Amma kafin ka kashe dala 90, leƙa ƙofar shagonka. Da yawa daga cikin masu nakasar da ke wucewa ta gabanka shan inna ce ta taɓa musu ƙafa, hannuwansu lafiya lau, wasu ma sun fi yaranka iya wasa. Abin da ke hana su shigowa shi ne kwata da matakala da bencin da ya cike hanya. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ma ya wuce. Buhun siminti da ɗan gangare a bakin ƙofa zai kawo maka kwastoma fiye da faifan Sony.

Tambaya: Malam, yayanmu ya faɗo daga gini, lakarsa ta taɓu a wuya, hannu da ƙafa duk ba sa motsi. Akwai abin da zai yi masa, ko mu haƙura? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: Allah ya sa kaffara ne, ƙanwata. Akwai. Sunansa QuadStick, wani mutum mai suna Fred Davison ya ƙirƙiro shi a Amurka, kuma da baki ake sarrafa shi. Ana kafa shi a kan wani ƙarfe mai lanƙwasa ya tsaya daidai leɓe. Mutum ya kama bakinsa ya tura sama, ƙasa ko gefe, wannan shi ne analog. A jiki akwai ƙananan ramuka, hura iska a rami aiki ɗaya ne, zuƙa wani aikin ne daban, hurawa a hankali ma daban take da hurawa da ƙarfi, ga kuma wani maɓalli da leɓe ke taɓawa. Da shi Rocky Stoutenburgh, wanda ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, ya shiga kundin bajinta na duniya, Guinness, a wasan Fortnite.

Yana cin ɗaruruwan daloli, ƙarfen da ke riƙe shi ma kuɗinsa daban, kuma koyonsa na son makonni da haƙuri. Wasu na'urorin gem yana shiga kai tsaye, wasu sai da adafta, don haka a tambayi mai sayarwa da sunan na'urar da kuke da ita. In za ku yi karo-karo a dangi, ku gaya musu cewa ba gem kaɗai yake yi ba: yana zama linzamin kwamfuta, ya buɗe karatu ko wa'azi da kansa, ya rubuta saƙo ba sai ya jira wani ba. Ku fara tambayar likitansa ko numfashinsa da wuyansa za su ɗauki hurawa da zuƙa na tsawon lokaci, domin ciwon laka a wuya yakan rage ƙarfin numfashi. Ku kuma sayo bakin roba fiye da ɗaya, saboda ana cire shi a wanke, kuma yana tsufa.