Amsa kan rikicin limaman Boston na 1636

Ɗan'uwa, ka tambaya ko siyasa ce kawai ta raba kan limaman Furotesta na Masachusets, a ƙasar Amurka ta yau, a farkon zaman Turawan Ingila a can. A ganina, tushen rigimar aƙida ce, siyasa daga baya ta shigo. Dukansu sun yarda cewa alherin Allah ne ke ceton mutum, amma sun saɓa kan yadda mutum zai tabbatar an cece shi. Yawancinsu, irin su Thomas Shepard da John Wilson, sun koyar da cewa kyawawan halaye shaida ce ta ceto, shi kuwa John Cotton ya dage cewa shaidar Ruhu Mai Tsarki a zuciya ce ke zuwa da farko. Tsoron su Shepard da Wilson game da koyarwar Cotton, wanda nake ganin ba na banza ba ne, shi ne jama'a su yi watsi da dokokin tarbiyya. A 1637 taron limamai a Newtown ya yi tir da ra'ayoyi 82 da aka danganta wa ɓangaren Cotton, aka kori limami John Wheelwright da Anne Hutchinson, masu goyon bayan koyarwar Cotton, daga yankin, Cotton kuma ya sassauta, ya ci gaba da wa'azi a Boston.